Mai In'ina a Jirgin Yeji

Akwai wani labarin ban dariya da ya daɗe yana yawo a bakin matafiyan da ke bin hanyar Kumasi zuwa Salaga a ƙasar Ghana, kuma da wuya mutum ya ƙetare ruwa daga Yeji zuwa Makango a ranar kasuwa bai ji wani ya ɗauko shi ba. Wai an zaunar da wani mai in'ina a goshin kwale-kwale domin ya riƙa duba hanya, sai ya hango kututture a gaba, ya buɗe baki yana ta "ku-ku-ku", fasinja suka zaci carar zakara yake kwaikwayo, suka bushe da dariya, kafin ya kai ƙarshen kalmar jirgi ya riga ya hau itacen. Mai ba da labarin yakan ja wannan "ku-ku-ku" gwargwadon yadda ya ga ana dariya, yana runtse ido, yana buga ƙafa, yana murguɗa wuya, har sai mutane sun riƙe ciki. Akwai makamantansa da yawa, na mai in'inar da aka aika ya kira matuƙi, da na wanda ya so ya ce hadari ya taso, amma duk tushensu ɗaya ne, wato mai nauyin harshe shi ne mutumin da za a halaka ta dalilinsa. Ni kuwa abin da na gani a kan wannan ruwa ya tabbatar mini cewa labarin ƙarya yake yi wa masu in'ina, ƙarya yake yi wa aikin jirgi, kuma babu wurin da ya fi rashin dacewa a ba da shi kamar cikin kwale-kwalen kansa.

Ya kamata wanda bai taɓa bin hanyar ba ya san irin ruwan da ake magana a kai. Tafkin Volta ya samu ne bayan an gama madatsar ruwa ta Akosombo a shekarar 1965, zamanin Kwame Nkrumah, ruwa ya yi ta taruwa yana cin ƙasa har ya rufe kimanin murabba'in kilomita 8,500. Mutane wajen 80,000 aka tayar daga garuruwansu, kuma tsohon garin Kete Krachi, inda malaman Hausawa suka zauna suka karantar, yana cikin wuraren da ruwan ya haɗiye. Dazuzzukan kuwa ba a sare su ba kafin ruwa ya zo. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau, manya masu tauri waɗanda ruwa bai ruɓar ba. Wasu kawunansu a waje, ana hango su tun daga nesa, wasu kuma ba su fi kamu ɗaya ƙasa da fuskar ruwa ba, kuma su ne abin tsoro, musamman a watannin da tafkin ya ja. Da kututturan nan, da lodin da ya wuce ƙima, da iskar farkon damina da ke tasowa ba sallama, su ne suka sha cin rayuka a wannan tafki. Da yawa daga cikinmu ba su manta da watan Afrilun 2006 ba, lokacin da wani jirgi da ya kwaso mutanen da aka tasa daga yankin dajin Digya ya kife, aka rasa mutane masu yawa. Hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Ghana ta sa an cire kututture a wasu hanyoyin fito, ciki har da ta Yeji zuwa Makango, ana kuma ajiye sojojin ruwa a manyan mashigai domin hana cunkoso, amma tafkin yana da faɗi, idon hukuma ba ya kaiwa ko'ina.

Su wa ke cikin jirgin? Mu ne, mutanen unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zongo na Kumasi, waɗanda suka hau mota tun da asuba suka bi ta Mampong, Ejura, Atebubu da Prang, tafiyar fiye da kilomita 200, kafin su iso bakin ruwa a gajiye. Akwai Hajiyoyi masu sarin bandar kifi, akwai masu doya da masu gawayi, akwai masu zuwa biki ko ta'aziyya a Salaga, ga kuma Gonjawa da Dagombawa da Fulani da masunta 'yan ƙabilar Ewe, kuma sau da yawa Hausa ce harshen da ke haɗa mu. Babban jirgin fito mai ɗaukar motoci yana da lokacinsa, wanda ya rasa shi ko yake sauri sai ya shiga kwale-kwalen katako mai injin Yamaha a bayansa. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce yawancinmu 'yan zango ba mu iya ruwa ba. Da zarar gaɓa ta yi nisa, sai ka ga wannan ya fito da carbi, waccan ta rungume jakarta, kowa ya yi tsit, kuma a daidai wannan lokaci ne mai raha yake da rana. Ba na ƙin raha a cikin jirgi, ina ma ganin tana cikin rahamomin tafiya, domin dariya tana sassauta wa mai tsoro, mai tsoro kuwa shi ne wanda ke miƙewa tsaye ba zato idan igiyar ruwa ta bugi jirgi. Na ga yadda wasan barkwanci ke raya tafiya: Bafulatani da Babarbare suna jayayyar wanda yake bawan wani, Bagobiri yana tsokanar Bayarabe, Badagombe da Bamoshe suna musun wane ne jika wane ne kaka, har a iso Makango ba wanda ya lura.

Amma wasan barkwanci yana da ƙa'ida, kuma kakanninmu ba su ɗora shi a kan iska ba. Ƙa'idarsa ita ce ramuwa. Idan na tsokane ka, kana da hakkin ka mayar mini, kuma sau da yawa wanda ya fara shi ke shan kashi, shi ya sa ake tashi ba tare da kowa ya ji an wulaƙanta shi ba. To, ka dubi mai in'ina. Abin da ake yi masa dariya a kai shi ne ainihin abin da zai rama da shi. Idan ya yi shiru an ci shi, idan ya buɗe baki domin ya mayar da martani, harshen ya sarƙe, sai dariyar ta ninku. Babu wata hanya da aka bar masa. A kan tudu yana iya tashi ya bar majalisar, amma a tsakiyar tafki ina za shi? Yana nan zaune kafaɗa da kafaɗa da mai kwaikwayonsa har a kai gaɓa. Wannan ba abokin wasa ba ne, mutum ne da aka tsare a inda ba ya da mafita, kuma duk wanda ya san mutunci ya san bambancin abubuwan biyu.

Wata tafiya da damina na shiga jirgi tare da wani saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, yana rungume da kan keken ɗinki da aka naɗe a cikin tsohon zane, alamar ya gama koyon sana'a a Kumasi zai koma gida. Yaron jirgi, yana karɓar kuɗi yana lissafin kaya, ya tambaye shi ko keken nasa ne. Saurayin ya so ya ce nasa ne, sai kalmar ta tsaya masa a kan harafin farko, haɓarsa tana rawa, idonsa a runtse, ya ɗauki ɗan lokaci kafin ta fito. Wasu samari biyu da ke bayansa suka kama, ɗaya yana tambaya ɗaya yana amsawa da in'inar ƙarya, kuma ba a yi nisa ba suka ɗauko labarin kututturen nan suka ba da shi da ƙarfi domin kowa ya ji. Wasu sun yi dariya, wasu sun kau da kai. Shi kuwa ya juya fuskarsa wajen ruwa, bai sake cewa komai ba.

Kowane kwale-kwalen katako yana ɗan shan ruwa ta tsakanin allunansa, kuma akwai yaron da aikinsa shi ne ya zauna kusa da baya da yankakken galan yana kwashewa yana zubarwa. Ranar an jibga buhunan masara a tsakiya ta yadda suka tare hanyar da ruwan ke bi ya gangara wajen mai kwasa, saboda haka ya riƙa taruwa a ɓangaren gaba, ƙarƙashin katakon da muke taka, inda yaron ba ya gani. Saurayin nan shi ne ya fi kowa kusa da wurin, kuma shi ya fara gani. Ina kallonsa ya ɗago kai, leɓensa ya motsa, ya waiwaya ya dubi samarin, sannan ya rufe bakinsa. Ya sake duban ƙasa, ya sake ɗagowa, ya sake yin shiru. Can sai ya miƙa hannu ya bubbuga kwandon wata Hajiya da ke gefensa, ya nuna mata ƙarƙashin ƙafarta da yatsa. Ita ce ta ɗaga murya, aka rage gudu, aka janye buhu biyu, ruwa ya kwaranya baya, yara suka duƙufa da kwasa. Allah ya kiyaye, mun isa lafiya. Da hankali ya kwanta Hajiyar ta dube shi ta ce, "Ɗana, tun yaushe ka ga ruwan nan?" Ya ce mata tun ɗazu. Ta ce, "To, me ya hana ka faɗa?" Bai amsa ba, sai ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta gane, ta juya wajen samarin ta ce, "Ku 'ya'yan nan, ku ne kuka ɗaure masa baki. Da abin ya yi yawa, dariyarku za ta fitar da mu?"

Ga inda labarin ban dariyar ya juya gaskiya. A cikin labarin, in'ina ce ta jawo jinkiri. A cikin jirgin da na shiga, in'ina ba za ta ci fiye da 'yan daƙiƙu ba, amma shirun da dariya ta haifar ya ci mintuna. Mutumin da aka yi wa ba'a a gaban jama'a yana koyon darasi guda nan take, wato maganarsa tana da tsada, don haka sai ya riƙa auna kowace kalma kafin ya fitar da ita, yana tambayar kansa ko ta cancanci wata sabuwar dariya. A kasuwa wannan asararsa ce shi kaɗai. A kan ruwa asarar kowa ce, domin ba wanda ya san idon da zai fara ganin ɓaraka.

Labarin kuma bai san yadda ake tuƙi ba. Duk wanda ya zauna kusa da injin ya san cewa ko mai muryar ladani ba zai yi magana daga goshin jirgi matuƙi ya ji shi a baya ba. Mai duba hanya da hannu yake aiki: ya miƙa dama a karkata dama, ya miƙa hagu a karkata hagu, ya saukar da tafin hannu a rage gudu, kuma idon matuƙi ba ya barin kansa. Abin da ake nema a wurinsa shi ne kaifin ido da natsuwa da sanin ruwa, ya iya gane ɗan murɗawar da ruwa ke yi a kan itacen da ke ɓoye, ya iya bambance gorar da masunci ya ɗaura wa tarunsa da shara mai yawo, ko da a cikin hazon hunturu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rataya a kan harshe. Duk da haka irin wannan labari yana da illa a bakin ruwa, domin mai jirgin da ya girma yana jin sa zai yi jinkirin ɗaukar yaro mai in'ina aiki, ko ya ɗauke shi ya bar shi a kwasar ruwa har abada, ba domin ya gwada shi ya gaza ba, sai domin wata almara da ba ta taɓa faruwa ba.

Ita in'inar kanta ba baƙon abu ba ce. Masana sun kiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane 100 na manya yana da ita a duniya, kuma yara wajen biyar cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci, galibi tsakanin shekara biyu zuwa biyar, yawancinsu ta sake su da kanta. A cikin manya, maza sun ninka mata kusan sau huɗu. Tana bin jini, shi ya sa za ka ga kaka da jika suna da ita, kuma masu bincike a Amurka da suka nazarci wasu manyan iyalai a Pakistan da Kamaru sun gano wasu ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita, sun fara bayyana sakamakon a 2010. Asalinta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita numfashi da harshe da leɓe a lokacin magana. Ba rashin wayo ba ce, ba tsoro ne ya haife ta ba, kuma mai ita ya san sarai abin da yake son faɗa. Abin da ke ƙara mata ƙarfi shi ne matsi: a ce ka yi sauri, a zuba maka ido, a tambaye ka sunanka a gaban baƙi, ko ka san akwai mai jiran ka sarƙe ya yi dariya. Sau da yawa kuma takan lafa idan mutum yana rera waƙa ko yana karatu tare da wasu da murya ɗaya. Wannan ne ya sa ake zaluntar yara a wasu makarantunmu, domin malam ya ji yaro yana biya allonsa tiryan-tiryan, sai a tambaye shi wani abu ya kasa, a ce iskanci yake yi, a sa masa bulala. Muna yara ana tsoratar da mu cewa wanda ya kwaikwayi mai in'ina shi ma za ta kama shi. Ba haka ba ne a ilimi, amma ina ganin iyayen da suka faɗa sun san abin da suke so su hana.

Ana kuma yawan cewa masu in'ina suna da saurin fushi, har an mayar da shi kamar hali ne da aka haife su da shi. Ni ban yarda ba. A ɗauki mutum mafi sanyin hali a Aboabo, a riƙa katse shi duk lokacin da ya fara magana, a riƙa ƙarasa masa zance ba da abin da yake nufi ba, yara su bi shi suna kwaikwayonsa tun yana ɗan firamare har ya yi furfura, sannan a zo a gaya mini yadda zuciyarsa za ta kasance. Abin mamaki ma shi ne yawan haƙurin da suke da shi.

Na san wani dattijo dillalin shanu da ke yawan bin wannan hanya, mai in'ina ne sosai, kuma ban taɓa ganin mai raha kamarsa ba. Da jirgi ya bar Yeji sai ya ce, yana sarƙewa yana murmushi, a bar shi ya fara yi wa mutanen Makango sallama tun yanzu, kafin a isa ya gama. Kowa yakan yi dariya, shi ma yana yi, kuma ba wanda ke jin nauyi a ransa. Wasu suna kafa hujja da irinsa su ce, ai ga shi su da kansu suna wasa da abin. Amma ran da wani matashi ya amsa masa da in'inar ƙarya, dattijon bai yi faɗa ba, ya jira dariya ta lafa, ya ce masa a hankali, "Yaro, kayan nawa ne, ni na san nauyinsu. Wanda bai taya ni ɗauka ba, ba shi zai yi wasa da su ba." Idan shi ya yi raha da harshensa, shi ya zaɓi lokaci, shi ya zaɓi kalma, shi ya san iyakar da zai tsaya, kuma da wannan raha yake sauƙaƙa wa mai sauraro domin kada ya ji kunyar jira. Wannan kyauta ce daga gare shi, ba izini ba ne ga kowa. Kuma abin da dattijon da ya yi shekara sittin yana gogayya da jama'a zai iya ɗauka, saurayi mai kan keke a cinya bai kai ga ɗaukarsa ba tukuna.

A matsayinmu na Musulmi ba mu da uzuri a wannan babi. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi zuwa ga Fir'auna, ya roƙi Ubangijinsa a cikin Suratu Ɗaha ya buɗa masa ƙirjinsa, ya sauƙaƙa masa al'amarinsa, ya warware ƙulli daga harshensa domin a fahimci maganarsa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna wanda ya fi shi fasahar harshe. Wanda Alƙur'ani ya nuna yana goranta masa wannan abu shi ne Fir'auna, a cikin Suratuz Zukhruf, inda ya ce Musa da ƙyar yake bayyana magana. Ya kamata mai kwaikwayon mai in'ina ya tsaya ya duba sahun wanda ya shiga. Suratul Hujurat kuma ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, domin mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi alheri. Har ila yau akwai hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir, na mutanen da suka shiga jirgi, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka so su huda nasu rabon domin su ɗebi ruwa. Idan na sama suka ƙyale su kowa zai halaka, idan suka riƙe hannunsu kowa zai tsira. Abin da nake ɗauka daga nan ya shafi masu kau da kai. Ba sai an yi faɗa ba. Babba ɗaya ya ce, "Samari, ku sake zance," yakan wadatar, domin yaranmu na zango har yanzu suna jin kunyar furfura, sai dai furfurar ce take yawan yin shiru.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutanen ruwa sun fi kowa sanin ladabin kula da mai rauni, sai dai ba a haɗa shi da maganar harshe ba. Matuƙin kirki idan ya hango masunci a ƙaramin kwale-kwalensa yakan rage inji tun daga nesa, ya yi masa kwana, domin igiyar da babban jirgi ke tayarwa tana iya kifar da ƙarami, kuma farfela tana iya yanka tarun da mutum ya ci bashi ya saya. A bakin gaɓa ana barin wanda ya riga isowa ya sauke kayansa. Ana sa tsofaffi da masu goyo a tsakiya, inda ruwa ba ya fantsama, ana riƙe musu hannu wajen hawa. Fasinja ba ya zaɓar wurin zama da son ransa, inda aka ce ya zauna nan zai zauna, domin nauyi ya daidaita. Ba ya miƙewa ba tare da an ce ya miƙe ba. Ba ya matsa wa mai jirgi ya ƙara masa buhu ɗaya bayan ruwa ya kai layin da aka shata a jikin katako. Ko a Tafkin Bosomtwe, da ke kimanin kilomita 30 daga Kumasi, inda samarinmu ke zuwa shaƙatawa da Sallah, masuntan wurin a kan falankin itace suke kamun kifi, suna tura ruwa da hannu, kuma matuƙin jirgin yawon buɗe ido mai hankali ba ya wucewa kusa da su a guje ko da fasinjansa suna ihu ya ƙara wuta. Dukan waɗannan ɗabi'u abu ɗaya suke nema daga mai ƙarfi da mai sauri, wato ya ɗan jira. Mutumin da zai iya rage inji saboda baƙon masunci ba zai gaza jiran daƙiƙa biyar ɗan'uwansa ya gama jimla ba.

Jiran ma yana da yadda ake yin sa. Kada ka ƙarasa masa kalma, domin in ka dace ka nuna masa ka gaji, in ba ka dace ba ka tilasta shi ya sake daga farko. Kada ka ce masa ya natsu ko ya ja numfashi, ya sha jin wannan tun yana yaro, kuma ba ta ƙara masa komai sai tunatarwa cewa ana kallon bakinsa. Ka dube shi kamar yadda kake duban kowa, ka saurari abin da yake faɗa, idan ba ka gane ba ka ce ya maimaita maka ba tare da kunya ba. Haka ake yi wa mai tsamin baki, da wanda aka haifa da tsagaggen leɓe, da dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye maganarsa ta yi nauyi, waɗanda duk muna haɗuwa da su a cikin jirgi ɗaya. Iyayen da ɗansu ya daɗe yana in'ina kuwa su sani akwai masu gyaran magana da aka horar domin wannan aiki. Jami'ar Ghana ta fara horar da su a Korle Bu da ke Accra, kuma ana iya tambaya a manyan asibitoci irin Komfo Anokye a nan Kumasi. Akwai ƙungiyar masu in'ina ta Ghana, kuma kowace ranar 22 ga Oktoba rana ce da aka keɓe a duniya domin wayar da kai a kan wannan lalura. Zai yi kyau limamanmu su riƙa ɗauko maganar a Juma'ar da ta fi kusa da ita.

Masu jirage da shugabannin mashigi kuwa, akwai abin da nake roƙon su wanda ba ya bukatar jiran gwamnati. Rigunan ruwa suna kan gaba, a samar da su, mu kuma fasinja mu daina ƙin sawa da sunan zafi ko datti, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan su, a rataya usur a goshin jirgi da tsakiyarsa, a ɗaure da igiya inda hannu zai kai. Kuɗinsa bai kai na fiton mutum ɗaya ba. Sannan kafin a tayar da inji, lokacin da kowa ke iya ji, yaron jirgi ya miƙe ya faɗa da Hausa da Twi da duk harshen da ya iya cewa wanda ya ga ruwa yana taruwa, ko itace a gaba, ko hadari yana haɗuwa, ya hura usur ko ya bugi jikin jirgi da ƙarfi, ya nuna wurin da hannu, kuma ba za a yi wa kowa faɗa ba idan abin da ya gani bai kai ya kawo ba. Wannan zai amfani mai in'ina, zai amfani kurma da bebe, zai amfani tsohuwar da muryarta ba ta kai bayan jirgi, da yaron da ke jin nauyin magana a gaban manya, da matar masuncin da ba ta jin Hausa.